Daɗin Kowa: Garin da Aka Gina a Talabijin Don Yaƙar Ta'addanci

A watan Yunin 2014 jaridar New York Times ta ba da labarin cewa Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana zuba kuɗi, kimanin dala miliyan 6, wajen kafa tashar talabijin ta Hausa wadda za ta riƙa watsa shirye-shirye dare da rana ta tauraron ɗan adam. Kuɗin sun fito ne daga sashen ma'aikatar mai kula da yaƙi da ta'addanci, aka kuma danƙa aikin a hannun wata ƙungiya mai suna Equal Access International. Sunan tashar Arewa24, mazauninta Kano. Daga cikinta aka haifi Daɗin Kowa, wasan kwaikwayo mai dogon zango wanda ya shiga gidajen Hausawa fiye da yadda masu ba da kuɗin suka zata. Tarihinsa ya cancanci nazari, domin ya ɗauki batun da talabijin ɗin duniya ya saba bayarwa ta bakin jami'in tsaro, ya mayar da shi bakin mutanen gari.

Kano a shekarun tsoro

Ba za a fahimci shirin ba sai an tuna halin da aka haife shi a ciki. A watan Yulin 2009 rikici ya ɓarke tsakanin mabiya Muhammad Yusuf da jami'an tsaro a Bauchi da Maiduguri, aka kashe Yusuf a hannun 'yan sanda ranar 30 ga watan. Ƙungiyar ta ɓuya, ta sake fitowa da makamai a ƙarƙashin Abubakar Shekau. Ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012 ta kai hare-hare kan ofisoshin 'yan sanda da na wasu hukumomi a Kano, mutum aƙalla 185 suka rasu. A Janairun 2013 aka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero wuta. A watan Maris na shekarar bam ya tashi a tashar motocin New Road da ke Sabon Gari. A Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Ranar 28 ga Nuwamba, 2014 aka kai wa Babban Masallacin Juma'a na Kano hari ana tsaka da salla, sama da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya.

Tsoro ya taɓa har harshen mutane. A majalisu da teburin mai shayi ba kowa ke ambaton sunan ƙungiyar ba, sai a ce "mutanen nan", a sassauta murya, domin babu wanda ya san wanda ke zaune kusa da shi. Malaman da suka fito fili suka ƙalubalance ta sun san abin da ke iya biyo baya: a watan Fabrairun 2014 aka harbe Shaikh Muhammad Auwal Albani a Zariya tare da matarsa da ɗansa. Su kuwa 'yan fim na Kano, waɗanda suka fito daga shekarun tsananin tace fina-finai na 2007 zuwa 2011, galibinsu sun tsaya ga labarin soyayya da rikicin kishiyoyi. Batun da ya fi ci wa jama'a tuwo a ƙwarya shi ne wanda aka fi yin shiru a kansa.

Yadda wasu ƙasashe suka ba da labarin

A lokacin da Arewa24 ta fara aiki, labarin farautar 'yan ta'adda ya riga ya zama sana'a mai tsari a talabijin ɗin duniya. Shirin Amurka mai suna 24 ya fara fita a watan Nuwambar 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba. Kowane zango kwana ɗaya ne, kowace fitowa sa'a guda, agogo yana bugawa a fuskar allo. Jarumin, Jack Bauer, jami'i ne da ke tsere da lokaci, kuma sau da yawa azabtar da wanda aka kama ita ce hanyarsa ta samun bayani. Tasirin wannan hoto ya kai ga cewa a shekarar 2006 shugaban sashen karatu na makarantar sojoji ta West Point, Birgediya Janar Patrick Finnegan, ya je ya gana da masu shirin, ya roƙe su su rage nuna azabtarwa, saboda ɗalibansa sun fara ɗaukar ta a matsayin dabara mai aiki.

Shirin Homeland, wanda ya gudana daga 2011 zuwa 2020, ya gamu da wani darasi da ya shafi harshe. A 2015 masu shirin suka ɗauki wasu masu zane su rubuta Larabci a bangon wani sansanin 'yan gudun hijira da aka gina don ɗaukar fim a Berlin. Masu zanen suka rubuta kalaman da ke zargin shirin kansa da wariyar launin fata, aka ɗauka, aka watsa wa duniya, ba wanda ya lura. Shekara da shekaru ana ba da labarin Larabawa, amma a wurin aikin Larabci ado ne na bango, ba magana ba.

Masar ma ta yi nata. A azumin 2020 aka nuna Al-Ikhtiyar, wato Zaɓi, wanda ya jera rayuwar mutum biyu da suka fito daga rundunar soja ɗaya: Ahmad Mansi, kwamandan da aka kashe a Sina'i a watan Yulin 2017, da Hisham Ashmawi, wanda ya koma ɗaukar makami a kan gwamnati, aka kama shi a Darna ta Libiya a 2018, aka zartar masa da hukuncin kisa a Maris ɗin 2020. Shirin ya samu karɓuwa ƙwarai, aka yi masa zango na biyu da na uku, kuma kamfanin da ya shirya shi yana da kusanci da hukumomin ƙasar.

Duk da bambancin ƙasa da harshe, ginin waɗannan shirye-shirye ɗaya ne. Jami'i ne a tsakiya, maƙiyi a gabansa, jama'ar gari kuwa suna gefe, ko dai a matsayin waɗanda za a ceta ko waɗanda ake tuhuma. Tambayar da ke riƙe mai kallo ita ce: za a kama shi kafin bam ya tashi?

Gari ne jarumin

Daɗin Kowa ya juya wannan gini. Sunan kansa sananne ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta: akwai unguwar Daɗin Kowa a Jos, akwai garin Daɗin Kowa mai madatsar ruwa a Jihar Gombe. Irin sunan da ake raɗa wa sabon mazauni ne, inda baƙi daga wurare dabam-dabam suka taru, ana yi musu fatan kowa ya ji daɗin zama. Garin da ke cikin shirin ƙirƙirarre ne, amma kowane mai kallo ya san lungunansa: ga teburin mai shayi, ga tsangayar almajirai, ga dillaliya mai shiga gida-gida da kaya da labari, ga gidan haya, ga ofishin 'yan sanda, ga majalisar matasa marasa aikin yi.

A cikin wannan gari aka saka batun tsattsauran ra'ayi, a matsayin zare ɗaya cikin zaruruwa da yawa. Mai kallo yana ganin yadda ake jan yaro sannu a hankali da wa'azi da kyauta da alkawari, yana kuma ganin gidan da yaron ya fito, da talaucin da ya tura shi, da iyayen da ba su lura ba sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Yana ganin waɗanda rikici ya koro daga garuruwansu suna neman wurin sa haƙarƙari. Yana ganin Musulmi da Kirista suna maƙwabtaka, suna saɓawa, suna shiryawa. Kusa da waɗannan akwai shaye-shayen ƙwayoyi, da auren dole, da bara, da rikicin miji da mata. Sunaye irin su Kamaye da matarsa Adama, da Malam Nata'ala, da Alawiyya, da Stephanie, da Kyauta dillaliya, sun zama kamar na 'yan unguwa, har wasu daga cikin 'yan wasan aka manta da sunayensu na yanka.

Da haka tambayar ta sauya. Maimakon a tambayi yaushe za a kama shi, sai aka koma tambayar ɗan gidan wa ne, wa ya yi sakaci da shi, kuma in ya dawo wa zai karɓe shi. Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta tsaya a allo ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta kafa shirin gyara halin tubabbun mayaƙa, wanda aka yi wa sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe, kuma har yau ana muhawara a kan ko al'ummar da aka kashe wa 'ya'ya za ta iya zama da wanda ya ce ya tuba. Shirin farauta yana ƙarewa ne ranar da aka harbe maƙiyi ko aka ɗaure shi. Gari kuwa ba ya ƙarewa, dole washegari a fita kasuwa.

Wannan salo yana da tushe a gida. Tun zamanin gidan talabijin na Kaduna, inda Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi mai Samanja suka yi suna, da zamanin CTV ta Kano a shekarun 1980, wasan kwaikwayon Hausa ya saba da koyarwa ta hanyar raha, da ɗaukar unguwa guda a mayar da ita madubin ƙasa. Fim ɗin bidiyo, wanda ya fara da Turmin Danya a 1990, shi ne ya karkata zuwa soyayya da waƙa da rawa irin na Indiya. Daɗin Kowa ya ajiye rawa da waƙa, ya koma wa tsohuwar hanya da sababbin na'urori. Wannan ya buɗe masa ƙofar gidajen da ba a yarda a kunna fim ɗin Hausa a cikinsu ba. Girman wannan nasara yana fitowa idan aka tuna cewa a 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fina-finai a Kofa ta Jihar Kano saboda adawar malamai. A wannan shekarar ce Daɗin Kowa, ƙarƙashin jagorancin Salisu T. Balarabe, ya ci kyautar Africa Magic ta shirin Hausa mafi kyau.

Kuɗin baƙo da amanar gida

Asalin kuɗin tashar bai kasance abin wasa ba. A ƙasar da mutane da yawa suke kallon yaƙin Afganistan da na Iraƙi a matsayin yaƙi da Musulmi, kuma inda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 saboda zargin makirci, tashar da Amurka ta ɗauki nauyinta tana iya mutuwa tun ranar suna. Abin da ya tsirar da ita shi ne marubuta da 'yan wasa da masu ba da umarni 'yan gida ne, Hausarsu ta kasuwa ce da zaure, ba fassarar takardar ofis ba. Mai kallo yakan gane wa'azin da aka sa wa rigar wasa, kuma da ya gane sai ya sauya tasha. Daga baya Arewa24 ta zama kamfani mai zaman kansa da ke rayuwa da tallace-tallace, shirin kuma ya ci gaba da sunan Daɗin Kowa Sabon Salo, batun 'yan tada ƙayar baya ya ja baya, sauran matsalolin gari suka matso gaba.

Wasan kwaikwayo yana da iyakarsa. A watan Yunin 2015 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoton da ya ce sama da mutum 7,000 sun mutu a wuraren tsare mutane na soja a arewa maso gabas tun daga 2011. Uwar da aka tafi da ɗanta bai dawo ba, babu shirin talabijin da zai share mata hawaye, adalci take jira. Abin da allo ya iya yi shi ne ya cire wa batun takunkumi, ya sa a tattauna shi a tsakar gida da sunan Kamaye da maƙwabtansa, a lokacin da ambaton mutanen gaske yake da haɗari.

Tasirin da ya fi fitowa fili yana cikin masana'antar fim. Satar fasaha ta kashe kasuwar faifai a tsakiyar shekarun 2010, 'yan fim suka rasa inda za su sayar da aikinsu. Daɗin Kowa ya nuna cewa Bahaushe zai bi labari mako-mako har shekaru. A 2019 tashar ta fito da Kwana Casa'in, labarin zaɓe da cin hanci da aikin jarida a wata ƙirƙirarriyar jiha mai suna Alfawa, wanda ya fi kusa da salon shirye-shiryen makirci da leƙen asiri. Gidan Badamasi ya biyo, sannan Labarina na Aminu Saira a 2020, da Izzar So a YouTube. Kalmomin "zango" da "mai dogon zango" suka samu sabuwar ma'ana a bakin jama'a. Zango a da masaukin ayari ne a kan hanyar fatauci, yau kuma kashi ne na labarin da ake hutawa a ƙarshensa kafin a ci gaba.

Kalma ɗaya, hijira biyu

Ga mai nazarin Hausa, kalmomin wannan zamani su ma tarihi ne. "Ta'addanci" ya samo asali daga Larabci, daga ma'anar ƙetare iyaka. "Tada ƙayar baya" tsohon salon magana ne na tawaye. "Boko", kamar yadda masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013, kalmar Hausa ce ta asali mai nufin abin da ba na gaske ba, ba daga Turanci aka aro ta ba. Amma kalmar da ta fi nauyi ita ce "hijira". A yau "ɗan gudun hijira" shi ne wanda yaƙi ya raba da gidansa, kamar baƙin da suka sauka a garin Daɗin Kowa. A tarihin ƙasar Hausa kuwa hijira ibada ce: ita Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, ita kuma Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi a 1903 da Turawa suka ci Sakkwato. Wannan hijira ta biyu tana cikin abubuwan da suka kai Hausa bakin kogin Nilu, inda shirye-shiryen Kano suke da masu kallo nesa da gida.

An kashe Attahiru a Burmi a watan Yulin 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, Fulani da Hausawa, suka nausa gabas, suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, alhazai masu tafiya Makka a ƙasa da masu neman aiki daga yamma suka zama ƙashin bayan noman, ƙauyukansu suka bazu daga Jazira zuwa Damazin da Gadarif. Idon masu tsaro bai bar su ba tun farko. Turawan mulkin mallaka suna tsoron aƙidar Mahadiyya ta bi hanyar alhazai ta koma Nijeriya, har suka tura jami'insu G. J. Lethem ya bi hanyar zuwa Sudan a tsakiyar shekarun 1920 ya rubuta rahoto. Tun kafin a ƙirƙiri talabijin, an riga an ba da labarin waɗannan mutane ta bakin jami'i.

Jikokinsu a yau 'yan Sudan ne, suna magana da Larabci a makaranta da kasuwa, da yawansu kuma da Hausa a gida. Suna tsakanin allo biyu. Wasannin Masar sun daɗe da zama abincin dare a gidajen Sudan, musamman da azumi, fina-finan Kano kuma suna isa ta wayar hannu da YouTube. Ƙasar tasu ta san nauyin kalmar ta'addanci: Usama bin Ladan ya zauna a Khartum daga 1991 zuwa 1996, Amurka ta saka Sudan cikin jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci a 1993, ta harba makamai masu linzami kan masana'antar magunguna ta Al-Shifa a Agustan 1998, ba ta kuma cire sunan ƙasar ba sai a Disambar 2020. Shekara 27 talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba yana biyan bashin suna.

Su Hausawan kuwa sunan da aka fi jifansu da shi shi ne baƙi. A watan Yulin 2022 faɗa ya ɓarke a yankin Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta tasu a tsarin sarautun gargajiya, wasu ƙabilun yankin suka ce ba su da ƙasa a nan. Sama da mutum 100 suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka yi zanga-zanga a Khartum da Kassala da wasu birane. A watan Oktoba faɗan ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa kimanin mutum 200. Sannan yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF ya ci Jazira da Sinnar: Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, soja suka karɓe ta a Janairun 2025. Jikokin masu hijira suka zama 'yan gudun hijira.

A nan ne bambancin salon nan biyu yake da nauyin rai. Labarin da aka gina a kan farauta yana koya wa mai kallo ya duba fuskar maƙwabci ya nemi alamar maƙiyi, kuma a ƙasar da ake jayayya a kan wane ne ɗan ƙasa, alamar takan zama harshe ko ƙabila. Labarin da aka gina a kan gari yana koya masa cewa mai laifi da wanda aka zalunta da mai shayin da ya ga komai duk rijiya ɗaya suke sha. Waɗanda suka ba da dala miliyan 6 a 2014 makami suke nema a yaƙinsu da wata ƙungiya. Marubutan Kano suka karɓi kuɗin suka gina gari, suka raɗa masa sunan da Hausawa ke ba wurin da baƙo yake da haƙƙin zama. Tambayar da garin ya ɗora, wa ke da wuri a cikinmu kuma wa za a karɓa in ya dawo, ita ce har yanzu ake jiran amsarta a Malam Sidi da Maiduguri, da kuma ƙauyukan Hausawa na gaɓar Shuɗin Nilu.